Bindigar Iska: Yadda Za Ka Zaɓa Tsakanin Harsashin .177 da .22, Ka Kuma Gwada Su a Kan Takarda

Masu karatu da dama, musamman 'yan'uwanmu na Agege, Mile 12 da Idi-Araba da suka fara sha'awar wasan harbi, sun dame ni da tambaya ɗaya: wane harsashi ya fi kai nesa, ƙaramin ko babban? Wasu kuma masu gidan kaji ne a wajajen Epe da Ikorodu, ɓeraye sun hana su sakat, suna son sanin wanda za su saya. Amsar ba a bakin mai shago take ba, ba kuma a jikin kwali ba. Takardar da ka harba ce take faɗa maka gaskiya, in dai ka bi matakan yadda suke a jere. Ga su nan.

1. Lasisi tukuna, bindiga daga baya

Mutane da yawa suna ɗauka bindigar iska abin wasan yara ce, ba ruwan hukuma da ita. Ba haka ba ne a Najeriya. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa, a ciki har da bindigogin soja masu girman harsashi 7.62 da 9 na milimita, da .300 da .303, da kuma fistol. Kashi na biyu su ne waɗanda mutum zai iya riƙewa da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma bindigar iska tana cikin wannan kashin tare da bindigar farauta. Kashi na uku su ne irin su adaka, masu ɗuri ta baki, waɗanda lasisinsu yake hannun kwamishinan 'yan sandan jiha.

Dokar ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 17 lasisi ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka taɓa samu da laifin ta'adi a kan mutane cikin shekaru 5 da suka wuce. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisin ƙananan makamai, don haka kafin ka fitar da sisinka ka je hedkwatar 'yan sandan jiha da ke Ikeja ka ji inda magana ta tsaya. Hanya mafi sauƙi ga mai son wasa kawai ita ce ya shiga ƙungiyar harbi mai rajista ko filin harbi mai izini, ya yi amfani da bindigoginsu a cikin harabarsu. Duk gwajin da ke ƙasa ana iya yin sa da bindigar fili.

Gargaɗi: kada ka sa wani ya sako maka bindiga ko harsashi a cikin kaya daga waje. Shigo da makami yana buƙatar takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma fistol ɗin iska yana cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su kwata-kwata. Hukuncin riƙe bindiga ba lasisi ɗauri ne na shekaru.

2. Yanke nisan da za ka riƙa harbi

Wannan matakin gajere ne, amma shi yake yanke rabin gardamar. Idan burinka gasa ce irin ta Olamfik, zance ya ƙare: nisan mita 10 ne, kuma .177 kaɗai aka yarda da shi, mai shafaffen kai wanda yake huda takarda da rami mai tsabta. Ɗigon tsakiya mai maki 10 faɗinsa rabin milimita ne kacal. Idan kuma kana son ka riƙa harbi daga mita 20 zuwa 50, wanda a duniyar bindigar iska shi ne "nesa", to sai ka ci gaba da karatu.

3. Karanta lambobin da ke jikin gwangwani da kwali

Lambar .177 da .22 faɗin harsashi ne da inci. A milimita, na farko 4.5 ne, na biyu 5.5. Akwai .25 mai milimita 6.35, amma wannan sai bindiga mai ƙarfi sosai, mu ajiye shi gefe.

Nauyi ana rubuta shi da giren ko giram. Harsashin .177 da aka fi sani, irin JSB Exact, giren 8.44 ne, wato giram 0.547. Ɗan'uwansa na .22 giren 15.89 ne, giram 1.03, kusan ninki biyu. Kowanne yana da mai nauyi: giren 10.34 a .177, giren 18.13 a .22. Ka juya gwangwanin, sau da yawa za ka ga wata 'yar lamba a ƙasa kamar 4.51 ko 4.52, ko 5.52. Wannan faɗin kan harsashin ne daidai wa daida. Bambancin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne, amma akwai bututun bindigar da yake son ɗaya ya ƙi ɗaya.

Sai kwalin bindiga, inda yaudarar take. Za ka ga an rubuta 1000 ko 1200 da manyan baƙaƙe. Wannan gudun harsashi ne, da ƙafa a sakan ɗaya. Ka ninka da 0.305 ka sami mita, wato 1000 ya zama mita 305 a sakan. Kamfanoni suna samun wannan adadin ne da harsashi mara nauyi wanda ba dalma ba. Ka sa harsashin dalma na gaske, gudun zai sauko sosai. Kuma saukowar alheri ce, domin harsashin bindigar iska mai siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi ba ya jure gudun da ya kusanci na sauti. A zafin Legas sauti yana tafiyar kusan mita 349 a sakan. Da harsashi ya doshi nan sai ya fara tangaɗi, ramukansa su warwatse. Galibi ƙasa da mita 290 a sakan ne ake samun saiti mai kyau.

Abin da ya kamata ka tambaya shi ne ƙarfin bindigar da jul. Lissafinsa: rabin nauyi da kilo, sau gudu, sau gudu. Harsashin giram 0.547 mai gudun mita 240 yana ba da jul 15.8. Harsashin giram 1.03 mai gudun mita 175 shi ma jul 15.8 yake bayarwa. Ka lura da wannan da kyau, don shi ne tushen komai: bindiga mai ƙarfi ɗaya, in ta tura ƙarami sai ya yi sauri, in ta tura babba sai ya yi nawa. Na zaɓi waɗannan lambobin ne domin bindigogin da ake ƙera wa kasuwar Ingila ba sa wuce jul 16 da 'yan kai, iyakar da dokarsu ta sa wa wanda ba shi da lasisi. Na gasar mita 10 kuwa jul 7.5 ne, irin iyakar Jamus.

4. Yi lissafin faɗuwa kafin ka je fili

Babu harsashin da yake tafiya a miƙe. Daga lokacin da ya bar bakin bindiga ƙasa take jan sa, kuma babba da ƙarami jan ɗaya take musu. Bambancin kawai shi ne wanda ya fi daɗewa a hanya ya fi faɗuwa. Lissafin: 4.9 sau lokaci sau lokaci, amsar da mita.

Ɗauki waɗancan biyun. A mita 30, mai gudun 240 zai ɗauki sakan 0.125, ya faɗi kusan santimita 8. Mai gudun 175 zai ɗauki sakan 0.171, ya faɗi sama da santimita 14. A mita 50, na farko santimita 21, na biyu 40. Wannan ma ba a sa turjiyar iska ba. A zahiri duka biyun za su faɗi fiye da haka tunda suna rage gudu a hanya. Ka kuma lura cewa in nisa ya ninka, faɗuwa ninki huɗu take yi.

Me wannan yake nufi a aikace? Mai .22 a kan bindigar jul 16, in ya yi kuskuren mita 3 wajen ƙiyasta nisa a can wajen mita 45, harsashinsa zai sauka sama ko ƙasa da abin da ya nufa da santimita da dama. Mai .177 kuskurensa kusan rabin haka ne. Abin da babban yake da shi kuma shi ne riƙon ƙarfi: yana da nauyi, iska ba ta saurin cinye gudunsa, yana isa da saura mai yawa. Masana suna auna wannan da wata lamba da ake kira BC, na .177 na yau da kullum yana wajen 0.02, na .22 yana wajen 0.03. Wanda lambarsa ta fi girma ya fi ratsa iska.

Ra'ayina a nan a fili yake. In bindigar jul 16 ce ko ƙasa, kuma takarda za ka riƙa harbi, ɗauki .177. In bindigar ta kai jul 30 ko fiye, .22 ya fi dacewa, domin a irin wannan ƙarfin .177 mai giren 8.44 zai doshi gudun sauti ya lalace, shi kuwa .22 zai tsaya wajen mita 240 a sakan, ya haɗa miƙewa da nauyi. Ga mai gidan kaji da zai harbi ɓera a mita 10 zuwa 15, faɗuwa ba matsala ba ce, .22 ya fi kashewa nan take ba tare da azabtar da dabba ba.

Wasu sun tambaya a kan ƙananan harsasai masu albarushi. Harsashin .22 LR, wanda aka fito da shi a Amurka tun 1887, shi ne na gasar mita 50 a Olamfik. Kansa giren 40 ne, na gasa yana fita da gudun kusan mita 330 a sakan. Na .17 HMR da kamfanin Hornady ya fitar a 2002 giren 17 ne, gudunsa ya haura mita 770, shi ya sa a mita 100 ya fi .22 LR miƙewa nesa ba kusa ba, amma ya fi tsada da ƙara. Dokar lissafin ɗaya ce da ta sama. Sai dai waɗannan ba kayan bayan gida ba ne: .22 LR yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. Wanda zai taɓa su, a filin harbi mai izini ne, ƙarƙashin mai koyarwa.

5. Haɗa kayan aiki, ka san inda kuɗin zai tafi

Kana buƙatar harsashi iri uku ko huɗu masu zagayayyen kai, daga kamfanoni daban kamar JSB, H&N, RWS ko Crosman. Mai tsini yana da kyan gani amma a nesa ba kasafai yake taruwa ba, mai shafaffen kai kuma bayan mita 20 iska take cinye shi. Sai tef ɗin awo mai tsawo, rula, biro, littafin rubutu, farar takarda da kwali, ƙananan buhunan yashi biyu, tebur da kujera waɗanda ba sa rawa, sukudireba da makullan noti da suka dace da bindigar, da gilashin kare ido. In filin yana da na'urar auna gudun harsashi, ka roƙa a ara maka. Ba sai ka sayi taka ba.

Duk harsasan nan daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala, don haka kada ka kwatanta kuɗin gwangwani da gwangwani, ka raba kuɗin da adadin da ke ciki. Gwangwanin .177 yawanci 500 ne. Na .22 akwai mai 500, akwai mai 250, akwai mai 200, kuma a ido girmansu kusan ɗaya. Ga mai yawan harbi, .22 zai ci masa kuɗi fiye da .177 kullum, tunda dalmar ninki biyu ce. Gwajin da ke ƙasa zai ci kimanin harsashi 70 na kowane iri, da wasu 80 na saita madubin bindiga da cike teburin nisa. In kuna da yawa ku haɗa kuɗi ku sayi gwangwani huɗu ku raba.

Bindiga mai sifirin, wadda ake karyawa a ɗana, ita ce mafi araha kuma ba ta buƙatar komai sai hannunka. Mai tulun iska ta fi sauƙin saiti amma dole sai da abin ɗura mata iska, kamar famfo na musamman mai kai matsin iska ba (bar) 200, wanda shi kansa kuɗi ne. Madubin saiti kuma kada ka yi masa rowa. Ka nemi wanda ake iya daidaita ganinsa har zuwa mita 10, domin madubin manyan bindigogi an tsara shi ne a kan yadi 100, a kusa yana ruɗin ido.

Gargaɗi: bindiga mai sifirin tana girgiza gaba da baya, kuma wannan girgizar tana karya madubin da ba a yi shi dominta ba, ko da mai tsada ne. Ka tabbata an rubuta cewa ya dace da bindigar sifirin.

Gargaɗi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi: tulun bindiga iska zalla ake cika masa. Kada ka kuskura ka kai shi wurin mai walda ya ɗura maka iskar oksijin. Oksijin da maiƙon da ke ciki in suka haɗu a wannan matsin, fashewa suke yi.

6. Shirya wurin, ka duba bindigar

Kafin komai, dubi abin da ke bayan takardarka. Harsashin bindigar iska yana iya tafiyar mita 300 ko fiye in aka ɗaga baki sama, kuma a Legas babu inda za ka miƙa hannu mita 300 ba ka taɓa gidan wani ba. Dole a sami tudun ƙasa ko buhunan yashi a baya. Katako mai tauri, taya da bangon siminti suna dawo da harsashi, shi ya sa gilashin ido ba ado ba ne. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ido yana kan takarda, kuma ba mai wucewa gaba sai an buɗe kowace bindiga an ajiye.

Sannan ka bi notunan da suka haɗa ƙarfe da katako ɗaya bayan ɗaya, da na zoben madubi. Ka ɗaure su su kama, ba har su ci zare ba. Rabin mutanen da suke zagin harsashi, noti ne ya kwance musu. In bindigar sabuwa ce dal, ba ta 'yan ɗaruruwan harbi tukuna ta zauna, don sabuwar bindigar sifirin tana ƙona ragowar man kamfani, gudunta yana hawa yana sauka.

Gargaɗi: kada ka harba bindigar sifirin babu harsashi a ciki, fistin ɗin yana dukan bango ya lalata roba da sifirin. Kada kuma ka ɗiga man inji ko man keken ɗinki a ramin da iska take fitowa. Matsin yana kunna man kamar yadda injin dizal yake yi, ka ji ƙara kamar ta albarushi, hayaƙi ya fito, robar ta ƙone.

7. Saita madubi

Fara a mita 10 da babbar takarda. Harba uku a ɗigo ɗaya ba tare da ka taɓa komai ba. Nemi tsakiyar ramukan ukun, ka auna nisanta da ɗigon, gefe da kuma sama ko ƙasa. Kada ka bi harbi ɗaya-ɗaya kana murɗa madubi, za ka yini kana zagaye.

A mita 10 gefe kawai za ka gyara sosai. Ka bar ramukan su zauna kamar santimita 1 zuwa 2 ƙasa da ɗigo, don madubi yana sama da bututu da kusan santimita 4 zuwa 5. Daga nan ka matsa zuwa nisan da za ka kafa saitinka. Ga bindigar jul 16, mita 30 ya dace da .177, mita 25 ya dace da .22.

Yawan ƙas-ƙas da za ka murɗa yana da lissafi. In an rubuta 1/4 MOA a kan murfin, kowane ƙas yana matsar da rami kusan milimita 7 a mita 100, wato milimita 1.8 a mita 25, kuma ƙasa da milimita ɗaya a mita 10. Don haka in ka kauce da santimita 3 a mita 25, ƙas 16 ko 17 kake buƙata. A mita 10 kuwa wannan kaucewar sai ka murɗa kusan 40. Nan ne sababbi suke cewa madubin ya lalace, sun murɗa biyar ba su ga canji ba. In kuma an rubuta 0.1 MRAD, kowane ƙas santimita 1 ne a mita 100, milimita 2.5 a mita 25.

Riƙo ma yana da nasa. Bindiga mai tulu ka ɗora ta a buhun yashi kai tsaye. Mai sifirin kuwa tana motsi tun harsashi bai fita ba, don haka ka shimfiɗa tafin hannunka a kan buhun, ka ɗora ta a kai a wuri ɗaya kullum, ka riƙe ta sako-sako ta yi motsinta. Na ga wani matashi ya ƙanƙame tasa har jijiyoyin hannunsa sun fito, ramukansa sun bazu kamar an watsa gero. Wani dattijo da ke kusa ya ce masa, "Yaro, sassauta mata, ba gudu za ta yi ba." Ya ce, "To Baba," ya saki kafaɗa, harbi biyar na gaba suka shige ƙarƙashin murfin kwalba.

8. Gwada harsasan ɗaya bayan ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne haƙuri yake ƙarewa mutane. Zaɓi safiya, tun iska ba ta taso ba. Zana ɗigo biyar a takarda ɗaya, ka rubuta sunan harsashi, nauyinsa, lambar kansa, nisa da kwanan wata a kusurwa tun kafin ka harba, don bayan awa ɗaya ba za ka tuna wacce ce wacce ba.

Zuba harsasan a kan tsumma mai tsabta ka dube su. Gwangwanin da ya sha jifa daga jirgi zuwa Apapa zuwa shago, za ka tarar da wasu gindinsu ya lanƙwashe, maimakon da'ira ya zama kamar ƙwai. Ware su gefe. Gindin nan shi yake buɗewa ya toshe iska a bututu. In ya lanƙwashe, iska ta tsere ta gefe, harsashi ya kauce.

Duk lokacin da ka canza iri, fara harba kamar 20 a wata takarda daban. Kowane kamfani da irin haɗin dalmarsa, bututu yana buƙatar ya shafu da sabuwar kafin ya nuna halinsa. Sannan ka harba 10 a kowane ɗigo, ɗigo biyar. Kada ka damu ko sun sami tsakiya. Taruwarsu kake nema. Kada kuma ka taɓa madubi har ka gama.

Awo: ka sami ramuka biyu da suka fi nisa da juna, ka auna daga bakin waje zuwa bakin waje, sannan ka cire faɗin harsashi, 4.5 ko 5.5. Wannan cirewar ita take sa kwatancen .177 da .22 ya zama na adalci, in ba haka ba babban zai fito kamar ya fi warwatsewa alhali raminsa ne ya fi faɗi. Haɗa awo biyar ɗin ka raba biyar. Kada ka zubar da harbin da ya fita daban ka ce kuskure ne, sai in ka san tabbas hannunka ne ya motsa. Harsashin da yake fitar da ɗaya cikin goma, halinsa ke nan, kuma a ranar gasa ma zai yi.

Harbi uku ba gwaji ba ne. Kowane harsashi yana iya haɗa uku a rami ɗaya bisa sa'a, mai shi ya ɗauki hoto yana nunawa. Goma sau biyar ba ta ƙarya.

In akwai na'urar auna gudu, harba goma ta cikinta ka rubuta. Tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi nawa in ba ta wuce mita 5 a sakan ba, bindigar lafiya lau take. In ta yi yawa, ramukanka za su jeru daga sama zuwa ƙasa, kuma matsalar a bindigar take, ko roba ko matsin tulu.

Gargaɗi: dalma guba ce. Kada ka riƙe harsashi a baki kamar yadda wasu suke yi don saurin ɗuri, kada ka ci goro ko abinci sai ka wanke hannu da sabulu, kada kuma yara su yi wasa da gwangwanin ko tarkacen da ke cikin yashi. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba.

9. Rubuta teburin nisanka

Da ka sami harsashin da ya yi nasara, sake kafa saiti da shi, sannan ka sa takarda a mita 10, 15, 20, 30, 40 da 50, kowanne da tef ka auna, ba da taku ba. A kowane nisa ka nufi ɗigo daidai, ka harba biyar zuwa goma, ka rubuta santimita nawa tsakiyarsu ta hau ko ta sauka.

Za ka ga abin da yake ba sababbi mamaki. A kusa sosai harsashi yana ƙasa da ɗigo, sai ya hau ya ratsa layin ido, ya ɗan yi sama, sannan ya sauko ya sake ratsawa. Wato saiti biyu gare ka. Mai .177 da ya kafa a mita 30 zai sami na farkon wajen mita 15, mai .22 da ya kafa a 25 zai same shi wajen mita 10 ko 11. Tsakanin biyun kusan kai tsaye za ka riƙa nufa. Bayan na biyun ne faɗuwa take tsananta, kuma a nan za ka ga da idonka yadda .22 yake nitsewa tsakanin mita 40 da 50. Kwafi teburin a 'yar takarda ka manna a gindin bindiga da salatif. Akwai manhajojin waya da suke wannan lissafin, suna da amfani wajen ƙiyasi, amma in suka saɓa da takardarka, takardar za ka bi. Teburin na wannan harsashin ne kaɗai. Ka canza iri ko nauyi, sai sabo.

10. Iska

Iskar Legas tana da lokaci. Yawancin shekara daga kudu maso yamma take busowa, daga teku, kuma ta fi ƙarfi daga azahar zuwa la'asar. Da hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, takan juyo daga arewa maso gabas. Iskar gefe mai gudun mita 3 a sakan, wadda za ka ji a fuska ganye yana kaɗawa, tana iya ture harsashin .177 kusan santimita 5 a mita 40. Kafa sanda biyu, ɗaya kusa da kai ɗaya a tsakiyar hanya, ka ɗaura musu zare ko yankin leda mara nauyi. Ka harba kawai lokacin da suke kaɗawa iri ɗaya, ka rubuta turewar.

Ana yawan cewa .22 ba ya jin iska. A bindigogi masu ƙarfi ɗaya na jul 16 bambancin ba shi da yawa, don abin da babban ya samu ta nauyi yana rasa wani ɓangarensa ta daɗewa a hanya. Fifikonsa yana bayyana ne sosai in gudunsu ya zo ɗaya, wato a bindiga mai ƙarfi. Mai .177 da iska ta dame shi ya gwada mai giren 10.34 kafin ya yi tunanin sayen wata bindigar. Kuma kada ka gyara iska da murɗa madubi, don tana canzawa kafin ka gama murɗawa. Ka matsar da inda kake nufa.

11. Bayan an tashi

Danshin Legas da gishirin teku suna cin ƙarfe da sauri, zanen yatsa ɗaya in ya kwana yana iya zama tsatsa. Shafe duk ƙarfen waje da tsumma mai ɗan mai kafin ka ajiye. Jakar soso tana riƙe laima, don haka kada bindiga ta zauna a cikinta mako da makonni. Sa ƙunshin busar da danshi a akwatin. Mai famfon hannu ya riƙa buɗe bawul ɗin fitar da ruwa akai-akai yana hutar da famfon, don iskar da yake matsawa cike take da ruwa kuma cikin tulun take tafiya. Kada a bar bindigar sifirin a ɗane, kada a bar mai tulu ko mai aiki da gas ɗin CO2 a cikin motar da ke rana.

Bututu ba ya son yawan wanki. Sai ka ga ramuka sun fara buɗewa ba dalili, sannan ka ja tsumma ta ciki da zare daga baya zuwa baki, ba da burushin ƙarfe ba, ka kuma sake harba kamar 20 kafin ka amince da saitinka. A gida bindiga tana kulle a wuri ɗaya, harsashi a wani wurin, makulli a hannunka. In za ka fita da ita, babu harsashi a ciki, tana cikin jakarta a but ɗin mota, lasisinka na asali da katin ƙungiya suna aljihunka, kuma a shingen 'yan sanda kai za ka fara faɗa musu abin da ke cikin jakar kafin su buɗe.